Fil ɗin ado na aikin hannu: yadda ake sa shi da yadda ake ba da aronsa

"Anti, barka da aiki. Ƙawata da ke karatu a Jamus ta kawo mini tsarabar fil ɗin ado, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji. Da hannu aka yi shi, baƙin itace ne da azurfa, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, kuma bai yi kama da fure ko tauraro ko wani abin da na sani ba. Sau biyu na sa shi. Na farko ya yaga mini mayafi, na biyu kuma mutane a wurin aiki suka dame ni da 'mene ne wannan?' har na cire na jefa a jaka. Daga baya na ji kuɗin da ta saye shi, ya fi na 'yan kunnen zinarina, alhali ko ɗigon zinari babu a jikinsa. Yanzu ƙanwata ta matsa in ara mata ta je biki. Yaya ake sa irin wannan abu? Kuma in ba ta ne, ko in adana shi?"

Ƙanwata, barka kadai, kuma ina taya ki murnar samun ƙawar da ta san tsaraba. Idan na fahimce ki, an ba ki abu mai tsada wanda ba ki ga inda tsadar take ba, kin gwada shi ya yi miki ɓarna ya kuma jawo miki idon jama'a, ga shi yanzu ana so a raba ki da shi na kwana biyu. Shawarata ita ce ki fito da shi daga jakar nan, ki riƙa sa shi, ki kuma ara wa ƙanwarki. Amma kafin nan akwai abin da ya kamata hannunki ya koya, domin yagewar mayafin nan tana da dalili, kuma dalilin yana gyaruwa.

A gidan maƙeran fari na tashi. Mahaifina zobba da mundaye yake yi na azurfa da tagulla, ni kuma tun ina yarinya nake yi masa zuga, ina tsince masa ɓurɓushin azurfa idan an tashi aiki. Shi fil ɗin ado, wanda Turawa ke kira buroc, sai da na girma na koye shi, yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙera shi ina sayarwa. Abin da zan faɗa miki daga teburin aikina ya fito, da kuma kayan da mata suke dawo mini da su a lanƙwashe ko a karye.

Dalilin da ya sa ya zama baƙo a idonmu

Tun asali maɗauri ne. Kafin a san maɓalli da zif, mutanen da tufafinsu na yafawa ne dole su nemi abin da zai riƙe musu shi a kafaɗa. Romawa da shi suke kama alkyabbarsu. Matan Amazig na Maroko da Aljeriya suna sa guda biyu na azurfa, ɗaya a kowace kafaɗa, da sarƙa a tsakaninsu, kuma har yau maƙeran garin Tiznit a Maroko da na ƙasar Kabiliya a Aljeriya suna yin irinsu. Ɗan fil ɗin nan na kama zane da kowace mace take da shi a jaka jikansu ne, wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya yi masa rajista a 1849.

Mu kuwa rigarmu ɗinkakkiya ce, zanenmu ɗaura shi ake yi, saboda haka adonmu ya tafi kunne da wuya da hannu da ƙafa: 'yan kunne, tsakiya, sarƙa, awarwaro, munduwa. Ƙirjin riga zare muka bar wa, shi ya sa aikin wuyan riga ya bunƙasa a wurinmu. Fil ya yawaita ne tare da hijabi da naɗin mayafi, kuma ƙarami muka saba gani, mai 'yan duwatsu masu ƙyalli. To idan mutum ya ga baƙin itace kamar tafin hannu a ƙirjinki, ba shi da gurbin da zai ajiye shi a ransa. Dole ya tambaya.

Ina tsadar take?

Wannan sai an koma Turai, can inda sana'ar ta sauya fuska. A shekarun 1960 wasu matasan maƙera a Holan da Jamus da Ingila suka fara tambayar abin da ya sa ake auna darajar kayan ado da nauyin zinarin da ke jikinsu. Gijs Bakker da matarsa Emmy van Leersum, a Holan, suka shiga yin kayan wuya da na hannu da alminiyam, ƙarfen da ake tukunya da shi. A 1980 Otto Künzli, mutumin Suwizalan da ya daɗe yana koyarwa a makarantar fasaha ta birnin Munik a Jamus, ya yi wani awarwaro na baƙar roba ya ɓoye ƙwallon zinari a cikinsa. Mai sawa ba ta ganin zinarin, mai kallo ma ba ya gani, sai dai kumburin wurin. Shi ne kuma ya yi manyan filai da ya lulluɓe da takardar ado ta manna wa bango. A Niyu Zilan masu sana'ar suka juya ga abin da ƙasarsu ke da shi, ƙashi da dutse da ɓawon dodon koɗin teku, har aka yi wani babban nuni na irin waɗannan ayyuka a 1988.

Cibiyar wannan harka ita ce Munik. Tun 1959 ake yin nunin kayan adon zamani a cikin kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta birnin, wajen watan Maris, kuma a makon nan ɗakunan nuni da shaguna a unguwanni da yawa suna cika da masu ƙira da masu saye daga ƙasashe daban-daban. Sau biyu Allah ya kai ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan kowa a wurin da fil a ƙirjinsa, maza da mata, kuma kafin a tambayi sunanka an tambayi sunan wanda ya yi fil ɗinka. Masu ƙira suna son fil fiye da zobe ko sarƙa ne saboda ba ruwansa da girman yatsa ko wuya, ba ya taɓa fata balle a damu da gumi, ga shi da fuska kamar ɗan ƙaramin allo, kana iya rubuta abin da kake so a kai.

Kuɗin da ƙawarki ta biya, kuɗin lokaci ne da tunani. Ni fil ɗaya yakan ci mini awa ashirin zuwa talatin, ban da waɗanda na gwada suka ƙi na watsar. Idan a ɗakin nuni aka saya, kusan rabin kuɗin na masu ɗakin ne. Kuma guda ɗaya ne tak, ko cikin 'yan ƙalilan. Sai dai ba zan rufe ki ba: wannan ba ajiya ba ce irin ta zinari. Mu mata mun san zinari banki ne, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa a auna a ba ki kuɗi. Wannan idan kika kai shi wurin mai awo, azurfar da ke jiki kawai zai lissafa, ita kuma ba za ta taka kara ta karya ba. Don haka adana shi a akwati ba ya ƙara masa komai. Amfaninsa duk yana cikin sawa.

Mayafin da ya yage

Nan ne zan daɗe, domin yawancin matan da suka daina sa fil a nan suka tsaya.

Ɗauko shi ki juya bayansa. Fara da allurar: ɗaya ce ko biyu? Fil mai faɗi ya kamata a ce allura biyu gare shi, waya ɗaya da aka lanƙwasa ta zama tagwaye, don nauyin ya rabu wuri biyu kuma kada ya riƙa juyawa. Sannan ki duba inda aka dasa ta. Wurinta sama da tsakiya ne. Idan aka sa ta a tsakiya cif, ko ƙasa, fil ɗin zai riƙa sunkuyar da kai, samansa ya rabu da jiki, allurar ta riƙa ɓanɓarar yadin duk lokacin da kika motsa. Da yawa ma matsalar ba ta mai ƙira ba ce, mai sawa ce ta juya shi ƙasa a sama saboda siffarsa ba ta nuna inda kai yake. Alamar mai sauƙi ce: gefen da allura ta fi kusa da shi, shi ne sama, kuma bakin ƙugiyar da allura ke shiga ƙasa yake kallo, yadda nauyin fil ɗin zai ƙara danne ta a ciki.

Sai bakin allurar. Ki goga shi a hankali a jikin tsohuwar safa mai santsi. Idan ya kama zare, akwai kaushi a bakin, kuma shi kaɗai ya isa ya yaga mayafi. Allura mai kyau tsininta a murje yake sumul, tana raba zare ne ta wuce tsakaninsu, ba ta yanke su. Kowane maƙerin fari zai gyara miki wannan da samfefa mai laushi cikin minti biyar. Ni da wayar ƙarfen da ba ya tsatsa nake yin tawa, mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, irin wadda masu gyaran haƙori ke aiki da ita, saboda idan ka lanƙwasa ta tana komawa inda take. Allurar azurfa tana da kyan gani, amma da zarar wutar walda ta taɓa ta sai ta yi laushi, sai an sake murɗa ta an daddake ta kafin ta yi ƙarfi. Idan taki tana lanƙwashewa ta tsaya a haka, ita ma abin kai wa maƙeri ce.

Yanzu nauyi. Ki biya wurin masu sayar da zinari su ɗora miki shi a sikeli. Ƙa'idar da nake ba masu sayen kayana ita ce: abin da bai kai giram 10 ba zai zauna a mayafi idan an tallafa masa, daga 10 zuwa 25 na atamfa ne da shadda da abaya mai kauri, abin da ya haura haka sai kwat, ko saƙi, ko jikin jaka, ko hula. Itace da azurfa mai faɗin da kika kwatanta ba na mayafin shifon ba ne ko kaɗan. Kin ɗora wa zare huɗu ko biyar nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Yadda ake soka shi ma yana da nasa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a ɗan tsunkuli yadi kaɗan a soke a rufe. Sai fil ɗin ya rataya a ɗan wurin nan yana lilo. Ki shigar da allura, ki fito, ki sake shiga, ki sake fitowa, kamar mai ɗinkin hannu, har yadin ya cika kusan tsawon allurar duka, kuma a kwance, ba a tsaye ba. Idan yadin mara kauri ne, ki yanko ɗan ƙyalle mai kauri kamar girman akwatin ashana ki sa ta ciki, allura ta bi ta cikinsa. Idan kuma lallai a kan mayafi kike so a gan shi, ki haɗa da rigar da ke ƙasa, wajen ɗinkin kafaɗa, mayafin ya zama yana tsakani kawai, rigar ce ke ɗauke da kaya.

Kowane yadi da halinsa. Saƙi shi ne abokin fil na gaskiya, zarensa na buɗewa ya koma. Atamfa ba ta da rigima. Shadda kuwa tana riƙewa da kyau amma ba ta mantuwa: hujin yana zama a kan shekinta, saboda haka ki nemi kan aiki ko bakin ɗinki ki soka a nan. Leshi ki bi ta hujojinsa ki kama shafin da ke ciki. Ki kuma sa shi a ɓangaren da ba kya rataya jaka, ki tuna da bel ɗin mota, ki cire idan za ki ɗauki jariri ko za ki shayar. Mai nauyi irin naki gara a cire shi kafin salla, don yana rinjayar riga a ruku'u da sujada.

Wasu za su ce miki ki sa a mayar da shi na maganaɗisu don kada ya huda kaya. Ga ƙaramin fil yana yi. Ga naki ba na ba da shawara, zai zame ya faɗi a cikin taro. Kuma ƙananan maganaɗisun nan masu ƙarfi haɗari ne babba idan yaro ya haɗiye su, ba a kuma kusantar da su ga ƙirjin mai na'urar daidaita bugun zuciya. Tunda maganar haɗari ta zo, ina roƙonki da duk mai karanta wannan: a daina riƙe fil a baki lokacin naɗa mayafi. Likitoci a ƙasashen da ake sa hijabi sun sha ciro shi daga huhun 'yan mata. Dariya ɗaya ko tari ɗaya ya isa.

"Mene ne wannan?"

Zobe ke kike ganinsa a hannunki yini guda. Fil kuwa da zarar kin maƙala shi kin daina ganinsa, na gabanki ne yake kallo. Don haka tambayar da ta kore ki, ita ce shaidar cewa abin yana aikinsa.

Madeleine Albright ta gane wannan sarai. A 1994, tana jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, jaridun gwamnatin Iraƙi suka kira ta macijiya, sai ta maƙala fil mai siffar maciji ta je ganawa da jami'an ƙasar. Daga nan, har bayan ta zama sakatariyar harkokin wajen Amurka a 1997, 'yan jarida da jakadu suna duban ƙirjinta don su san da wace ta zo. Cikin tarin filanta wanda ya fi burge ni shi ne na Gijs Bakker ɗin nan da na ambata: fuskar mutum-mutumin 'yanci na Amurka, idanun kuma agogo biyu ne masu aiki, ɗaya a miƙe don baƙon da ke zaune a gabanta, ɗaya a kife don ita idan ta sunkuya ta duba. Duk sana'armu tana cikin wannan aiki: abu ɗaya, rabi na mai sawa, rabi na mai kallo.

Mai kallo kuma yana iya karanta abin da ba ki rubuta ba. Ranar 24 ga Satumba 2019 shugabar Kotun Ƙolin Birtaniya, Brenda Hale, ta karanta hukuncin da ya ce dakatar da majalisa da gwamnatin Boris Johnson ta yi ya saɓa doka, da ƙaton fil mai siffar gizo-gizo a kafaɗarta. Kafin gari ya waye kowa ya ba gizon nan ma'anarsa. Wannan yana cikin abin da mai sa fil take ɗauka. Shi ya sa akwai inda ba na zuwa da shi, kamar gidan ta'aziyya, domin ba wurin da za a dube ni ba ne. Kuma ni a aikina ba na yin surar abu mai rai, yawancin matan da nake yi wa ma ba sa so; naki tunda ba shi da siffar komai, kin huta da wannan.

Akwai wani da na yi da ɓallin tsohuwar ƙwarya, na ɗinke tsagar da zaren azurfa yadda gyartai ke yi. Wata rana ina zaune a layin asibiti, wata tsohuwa da ke gefena ta daɗe tana dubansa, can ta ce, "'Yar nan, wa ya koya miki wannan ɗinki?" Ashe mahaifiyarta mai tallan nono ce, kuma duk ƙwaryar da ta tsage ba a yar da ita. Muka yi kusan awa tana ba ni labarin ƙorai da sunayensu da wadda ake kai wa ɗakin amarya, har aka kira ta. Ban san sunanta ba har yau, amma duk ranar da na ɗauko fil ɗin nan sai na tuna da ita. Da sarƙar zinari ce a wuyana, da gaisuwa kawai za mu yi.

Ba sai kin yi dogon bayani ba. "Tsarabar ƙawata ce, da hannu aka yi, itace ne da azurfa" ta wadatar. Idan kina da lokaci ki mayar da tambayar: "Ke da me ya yi miki kama?" Za ki ji amsoshin da ba ki zata ba. Mai kai hannu kuma ki ce mata, "Bari in cire miki ki gani da kyau," ya fi a ja miki riga. Kuma ki ba shi fili: yadi mai launi ɗaya, ba babbar sarƙa, 'yan kunne ƙanana. A kan atamfa mai yawan zane ɓacewa zai yi, ko su yi ta kokawa.

Bayan fil ɗin kuwa naki ne ke kaɗai. Masu ƙira na ƙwarai suna gyara baya kamar yadda suke gyara gaba, a nan suke sa hatiminsu ko harufan sunansu, a nan za ki ga lamba 925 idan azurfa ce ta gaske, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe. Ki nemi sunan wanda ya yi shi daga ƙawarki ki riƙe, domin duk wanda ya yaba ya cancanci ya ji sunan mai aikin.

Maganar aro

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne ga wanda ya ari abu don a ce nasa ne. Amma a wannan sana'a yawo daga ƙirji zuwa ƙirji abu ne da aka saba. Ƙungiyar maƙeran kayan ado ta Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 1969, tana da al'ada a babban taronta: kowa ya zo da 'yan ƙananan filai da ya yi, a yi ta musaya, ka ba ni naka in ba ka nawa.

Ni ma da ƙawayena biyar muna da wani abu da muke kira adashen fil. Kowa ta zuba guda ɗaya, kowane wata a juya, da ɗan littafin rubutu da ke bin kowane fil, wadda ta sa ta rubuta inda ta je da shi da abin da aka ce mata. A matsayina na mai ƙira babu makarantar da ta koya mini abin da littattafan nan suka koya mini. Fil ɗin da nake ganin ya fi kowane kyau ya dawo da rubutu iri ɗaya daga mata uku: yana kama mayafin mutane wajen rungumar gaisuwa. Na zo na murje kusurwoyinsa. Wani kuma da na yi don baƙar abaya, wata ta maƙala shi a ɗaurin kallabi, ya fi kyau a can nesa ba kusa ba.

Mun yi asara ma. Ɗaya na takarda da zare ne, ruwan sama ya tare wadda ta sa shi a hanya, bai sake komawa daidai ba. Ba mu yi rigima ba, amma daga ranar muka sa doka: na takarda, da mai gilashin da aka narka a kan ƙarfe, da wanda ya zama gado, ba sa shiga adashe. Kuma duk abin da ya samu kaya a faɗa da baki, kada a kai gyara a ɓoye. Naki itace ne da azurfa, yana cikin masu juriya, zai iya zuwa biki ya dawo lafiya.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauke shi a kai wa maƙeri a ce ya yi irinsa. Na san za a ba ki wannan shawara, wataƙila ma ƙanwar taki ce za ta kawo ta. Tunanin wani ne, da shi yake ci. Idan tana son nata, ga ƙahon shanu, ga ƙwarya, ga fatar da dukawa ke rinawa, ga maƙeran azurfa daga Kano har Agadas. Ta je da nata tunanin a yi mata abin da babu mai irinsa.

Ki kuma sanar da ƙawarki cewa tsarabarta za ta je biki, ki tura mata hoto. Yaba kyauta tukwici, kuma wadda ta zaɓo miki irin wannan abu ba za ta so ta ji yana kwance a gindin jaka tare da makullai ba.

Ga abin da za ki gaya wa ƙanwarki. Fil shi ne ƙarshen shiga, shi ne farkon fita. Ta gama turare da humra tukuna, su bushe, sannan ta maƙala, domin man humra yana shiga itace ya bar tabo, turaren fesawa kuma yana cin shafen da aka yi masa. Kada ya hau kabbasa tare da kaya: hayaƙi da zafi suna dusashe azurfa, suna busar da itace. Kada ta bar shi a mota cikin rana, kada ruwa ya taɓa shi. Idan hunturu ya shigo ke ma ki riƙa ajiye shi a akwatinsa a rufe, don bushewar iska tana tsaga itace. Azurfa tana baƙi ne idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi da robar ɗaure kuɗi. Ƙyalle mai laushi ya isa goge ta, ban da toka, ban da man goge baki. Idan kuma kin ga baƙin a cikin lunguna yake, a tsare, to mai ƙira ne ya sa shi da gangan, kada a kankare.

Iyakar abin da shawara daga nesa za ta yi ke nan. Hukuncin allura da ƙugiya na wanda ya riƙe fil ɗin a hannunsa ne. Murje baki da miƙe allura kowane maƙerin fari zai iya. Amma idan gindin allurar ne ya ɓalle daga jiki, kada ki bari a kusanto da wutar walda, itacen zai ƙone kafin azurfar ta yi zafi. Irin wannan sai a ɗaure da ƙusar azurfa ba tare da wuta ba, ko ki ba ƙawarki ta mayar wa wanda ya yi shi, yawancinsu suna karɓar gyaran aikinsu.

Kwana ɗaya kafin bikin, ki sa ta kawo kayan da za ta sa, ki maƙala mata da hannunki a gaban madubi, ta cire ta mayar sau biyu kina kallo. Ki ba ta shi a cikin akwatinsa tare da ɗan ƙyallen tallafin nan, ku kuma yanke ranar da zai dawo tun kafin ta fita.